Ranar da Muka Goge Fuskar Baba Tsoho

Hoton kakanmu namiji guda ɗaya ne tak a duniya, kuma bai kai tafin hannuna girma ba. Baba Tsoho muke ce masa, ko da yake babu jika ko ɗaya da ya riske shi, kuma a hoton ma ba tsoho ba ne. Lebura ne a layin dogo, aka ɗauke shi tsaye ƙiƙam a bakin tashar jirgin Kafanchan, cikin kwat ɗin aro da ya yi masa yawa. Tun ina yarinya hoton yake rataye can sama a falonmu, dab da silin, inda hannun yara ba ya kaiwa. Danshi kuwa ya kai. Duk wanda ya yi damina a garinmu ya san yadda bango ke gumi, takalmi ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Shekara da shekaru hoton na shan wannan, har ya koɗe, ya tsattsage, ya cika da layi-layi ta ko'ina.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina sabuwar malamar firamare, ina ji da kaina, ko gaisuwa sai na sirka da Turanci. Wata Asabar Kaka, matar Baba Tsoho, wadda ta dawo gidanmu da zama tun da ƙafa ta fara ba ta wahala, ta sa yayana ya hau kujera ya sauko mata da hoton. Ta goge gilashin da bakin zani, ta kai shi har kan hancinta, ta nisanta shi, ta ja jiki zuwa bakin ƙofa inda haske yake. Yanar ido ta riga ta fara rufe mata gani.

"Ba na ganin shi," ta ce. Hausarta ta coci da kasuwa ce, gajera, ba ado. "A takarda ya gudu. A kai na ma ya fara gudu. Jiya na kwanta ina neman fuskan shi, kwat kawai na samu."

Muka yi dariyar kwat ɗin, ita ma ta taya mu, amma ni maganar ta tsaya mini a rai. Ta miƙo mini hoton ta ce, "Ke mai makaranta, ki nemo mini shi babba. In gan shi sau ɗaya kafin ido ya rufe."

Magana ta kai kunnen wan mahaifinmu da ke aikin gwamnati a Kaduna, wanda muke kira Baba Babba. Shi kuwa ba ya jin abu ƙarami ya bar shi ƙarami. Ya aiko cewa ai ba Kaka kaɗai ba, dangi kaf za su ga ubansu: a buga kalanda da hoton Baba Tsoho, a raba ranar Kirsimeti a taron iyali da muke yi kowace shekara a ƙauyenmu, can wajen Nok. Ya ɗora aikin a kaina da Yaya. Wayyo daɗi! Ranar na taka rawa a tsakar gida har kaji suka watse.

Da farko muka ce a nemo nagatif, tunda da shi ake wanko hoto sabo fil. Akwai wani tsohon gwangwanin madara a ƙasan akwatin mahaifiyarmu, cike da su, wasu sun manne da juna. Muka zube su a tabarma muna ɗaga su wa rana ɗaya bayan ɗaya, muna ihu. Kowa a ciki fari fat, haƙora baƙi, ido kamar na mage. Kaka ta karɓi guda ta leƙa, ta jefar da shi tana kiran sunan Yesu, ta ce mu kwashe mata fatalwa daga gabanta. A ƙarshe muka sami wani mai siffar namiji tsaye da wani abu kamar kwat. Yaya ya rantse shi ne. Ni ma na rantse, don ba na so a riga ni.

Muka garzaya kasuwa wurin mai hoto, wani dattijo Musulmi ɗan tsohon gidan 'yan kasuwar garin, wanda rabin hotunan baftisma da na aure a cocinmu shi ya ɗauka. Ya wanko mana nagatif ɗin, muka koma karɓa. Mahaifinmu ne! Yana saurayi, da gashi himili guda a ka, da wando mai faɗin ƙafa, ya dafa keken wani. Dattijon ya yi dariya har hularsa ta karkace. Da muka nuna masa ainihin hoton, ya juya shi a hankali ya ce, "'Yata, wannan masu yawo da akwati ne suka ɗauka, masu rufe kai da baƙin ƙyalle. Nagatif ɗinsa ya bi mai shi. Amma ku bar mini, in sake ɗaukarsa da kyamara, in faɗaɗa, in sa masa kala da burushi."

Ya nuna mana irin aikin a bango. Wani marigayi mai wa'azi da muka sani ne, an yi masa leɓe ja wur, kumatu na sheƙi, sai ka ce amarya. Yaya ya taka mini ƙafa don kada in fashe.

"Baba, Allah ya ƙara girma, bari mu je mu yi shawara," na ce.

"Na san shawarar nan," ya ce yana murmushi. "Kwamfuta za ku. Ku gaishe ta."

Ya kuwa canka. Amma kafin nan mun biya wurin masu fotokwafi, wai ko za a dace. Abin da injin ya tofo ba ya faɗuwa: baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, da ɗigon fari biyu a wurin idanu. Na ninke takardar na cusa a jaka tun kafin wani ya gani ya kai wa Kaka labari.

A lokacin shago biyu ne muka ji suna da abin da ake kira sikana, injin da ke ɗaukar hoton takarda ya shigar da shi cikin kwamfuta. Ni ban taɓa ganinsa ba, amma na riƙa yi wa malaman makarantarmu bayaninsa kamar a gidanmu aka ƙera shi. Muka ce ba za mu ba da Baba Tsoho ga kowane inji ba sai mun gwada shi da wani hoton. Yaya ya ba da fasfo ɗinsa, wanda yake ji da shi ƙwarai don ya fito da kyau a ciki.

Shagon farko na bakin tashar mota ne. Sikanarsu ta hannu ce, ƙarama, ana dafa ta a kan hoto a ja a hankali kamar mai guga. Mai shagon ya ce mu daina numfashi. Ya dafa, ya fara ja, sai wata babbar mota ta danna ham a ƙofar shagon, hannunsa ya zabura. Da hoton ya bayyana a gilashin kwamfuta, kan Yaya ya miƙe zungurere kamar doya, ido ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, baki ya koma gefe. Ni dai na zauna daɓas a ƙasa ina dariya har da hawaye. 'Yan acaba da masu sayar da rake suka cika ƙofa suna leƙe, wani na cewa, "Oga, kai ne wannan? Sannu!" Yaya ya fusata, ya ce a goge yanzu-yanzu ko ya kira 'yan sanda. Har muka bar tashar ana nuna shi da baki.

Shago na biyu kuwa, tun daga ƙofa ka san ka zo wurin manya. Sai ka cire takalmi, wai datti na sa wa kwamfuta ciwo. Mai shagon saurayi ne da ya yi karatu a Jos, ga taye a wuya cikin zafin rana. Ya yaye wani farin leshi da ya lulluɓe injin da shi, sai ga sikana shimfiɗaɗɗiya mai murfi, da gilashi a ciki. Ba a ja, ba a taɓawa. Ka kifa hoto, ka rufe, wani haske ya bi ta ƙasa a hankali yana ƙugi. Fasfo ɗin Yaya ya fito daidai, kai zagaye, ido biyu a layi ɗaya. Yaya ya ce ko nawa ne nan za a yi. Na tambaya ko tana cin nagatif, don in nuna ni ma na san wani abu. Saurayin ya ce wannan sai wata iri mai fitila a murfi, kuma sai Legas. Oho dai, mu ba mu da nagatif ɗin ma.

Aka tayar da janareta, aka ciro Baba Tsoho daga firam a hankali, aka kifa shi. Hasken ya wuce. Sai saurayin ya danna wani abu, fuskar ta taso, ta taso, har ta cika gilashin kwamfutar.

Kai! Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Mutumin da na sani ɗan ɗigo a saman bango, ga shi yana kallona ido cikin ido. Kunnuwansa na Yaya ne sak, manya, a buɗe. Na ƙanƙame hannun Yaya ina tsalle ba takalmi, ina cewa, "Ga kunnenka! Ga inda ka samo su!" Shi kuma ya kai hannu ya shafa kunnensa.

"Malama, ai ba ki ga komai ba," in ji saurayin. "Duk wannan tsagewar zan iya share ta."

Ya kama ɗan abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur, ya bi wani dogon layi da ya ratsa kwat ɗin, layin ya ɓace ɓat. Muka yi ihu. Ya share wani a sararin sama, ya share tabon ruwa a kafaɗa. Daga nan fa muka karɓe aikin da baki. "Ga wani can! Goge wannan! Sama kaɗan! Yawwa!" Muna rige-rigen nuna masa da yatsa, yana buge mana hannu kada mu taɓa gilashin. Da aka zo kumatu, akwai wasu layuka a jere reras, uku a wannan gefe, uku a wancan. Har na ce, "Ji danshi da iya aiki, sai ka ce da rula ya ja su." Muka kwashe da dariya, aka share su tas. Akwai wani ɗan guntu a saman gira, shi ma Yaya ya hango shi, aka bi da shi. Baba Tsoho ya fito sumul, fata luwai-luwai, ko ƙurji babu. Na ce wa saurayin Ubangiji ya sa masa albarka, ya ba shi mace ta gari.

Shi ya kai aikin Jos aka buga. Kalandun suka iso a ɗaure cikin takarda mai ruwan ƙasa, muka leƙa guda ɗaya a ɗaki, muka yi rawa, muka mayar muka ɗaure. Mun ƙudura babu wanda zai gani sai ranar, har mahaifinmu. Kaka ta tambaye ni ya fi a ƙirga, ni kuwa sai in kashe mata ido in ce, "Ki shirya kwalliya, saurayinki na hanya."

Ranar jajibiri muka shiga bas zuwa Kwoi, daga nan acaba, ni na rungume ɗaurin kalanda a ƙirji kamar jariri. Kaka kam tuni an wuce da ita a mota. Ƙauye ko'ina ƙamshin citta, an tsaga an baza a kan duwatsu tana bushewa. Washegari bayan an taso sujada dangi suka hallara a gindin mangwaron gidan, na Kaduna, na Jos, na Zonkwa, har da waɗanda ban san ta inda muka haɗu ba. Tukwanen shinkafa na gefe suna jira. Baba Babba ya yi jawabi mai tsawo, ya yi addu'a wadda ta fi jawabin tsawo, sannan ya ce 'yarmu malama ta fito da abin da ta kawo. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na kwance igiya, na ɗaga kalanda sama.

Guɗa ta tashi. Matan gidan suka yo kaina. "Kai, ashe Baba kyakkyawa ne haka!" "Ji fata!" "Wannan ai ɗan fim ne!" Ni kuwa baki har kunne. Na durƙusa gaban Kaka na ɗora mata ta farko a cinya, fuskar ta kusa kai faranti girma.

Ta sunkuya. Ta daɗe tana kallo, har guɗar ta lafa. Ta ɗago ta ce, "Wannan ɗan waye?"

"Kaka, mijinki ne mana!"

"Miji na?" Ta sake sunkuyawa. "Kwat, na shi ne. Kunne, na shi ne. Amma ni ban auri ɗan makarantan mishan ba. Ina tsagan shi?"

Baba Babba ya karɓi kalanda guda, ya cire tabarau, ya mayar, ya ce da ƙarfi, "Yesu mai ceto! Sun aske wa Baba tsaga!"

Sai a lokacin layukan nan uku-uku suka faɗo mini a rai. Tsagar gado ce, irin wadda ake yi wa mutanenmu a kumatu tun suna yara, wadda aka daina tun kafin a haifi iyayenmu. Ga ta nan a fuskar tsofaffin da ke zaune a wurin, ga ta a fuskar Kaka kanta, ta shige cikin tamoji, ina ganinta kullum. Wata gwaggonmu ce ta fara fashewa, ta riƙe ciki tana cewa, "Da rula! Yaron nan ya ce wai ta ce da rula!" Ashe Yaya, don ya wanke kansa, har ya riga ya tona ni. Dariya ta kama wuri, wasu na faɗawa jikin wasu. Ni ma da kunyar da komai sai da na dara, ina rufe fuska da gyale.

Kaka ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kifa kalandar a cinyarta, ta ɗora hannu a bayanta. "Ku ɗauke," ta ce a hankali. "In na ƙara kallon wannan yaro, zai kore mini nawa. Ɗan kaɗan ne ya rage."

Dariyar ta mutu a bakina. Tsoro ya kama ni sosai, don na gane abin da take nufi: fuskar da take riƙe da ita da ƙyar, mun kawo mata baƙo ya zauna a kanta. Yaya ya durƙusa ya ce ta yi haƙuri, tsohon hoton na nan lafiya, bayan sabuwar shekara za a koma a sake bugawa.

"Ido na ya ce maka zai jira sabon shekara?" ta ce.

Ta kai hannu ɗankwalinta, ta zaro allurar da take sokewa a nan don cire ƙaya. Ta juyo da kalandar.

"Kaka, za ki ɓata..." na fara.

"Ke kin gyara. Bari ni in ɓata."

Ta kai fuskarta dab da takardar, ta aza babban yatsa a gefen idonsa, ta auna, ta ja allura ƙasa. Farin layi ya fito siriri a kan baƙin kumatu. Ta ja na biyu, ta ja na uku. Hannun nan da ke rawa in ta ɗauki kofi, ko gezau bai yi ba. Ta koma ɗaya gefen, ta ja biyu, na ukun ta karkatar da shi da gangan. Ta ce ranar da aka yi masa ya fizge kai, uwarsa ce ta ba ta labari. Wani tsoho, ƙanin Baba Tsoho, ya matso ya miƙo mata kumatunsa wai ta kwafa. Ta ture shi da gwiwar hannu ta ce, "Kauce. Naka na gaggawa ne, na shi ya fi kyau." Aka sake fashewa, tsohon ya koma yana shafa fuska yana ƙunƙuni.

Muka ɗauka ta gama. Sai ta ɗaga allurar zuwa saman girar hagu, ta yi wani ɗan gajeren zane a kwance.

"Mama, wannan ba ta gidanmu ba ce," in ji Baba Babba.

"Wannan nawa ne," ta ce. "Murfin tukunya. Ya ce miya na ba gishiri."

Wayyo, ranar har masu wucewa a hanya sai da suka tsaya. Baba Babba, babban ma'aikaci da furfura, ya zauna a kan turmi yana dariya yana share hawaye, ya ce shi tun yana yaro aka ce masa ƙarfen jirgi ne. Kaka ba ta kula kowa ba. Ta nisanta kalandar, ta matso da ita, ta daɗe. Sannan ta yi masa magana da yarenmu, ƙasa-ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya. Ni ina durƙushe kusa da ita, na ji, kuma na yi kuka ba kunya.

Daga nan ta kafa doka: babu kalandar da za ta bar gidan sai ta bi ta hannunta. Aka yi layi kamar ranar allurar rigakafi, kowa riƙe da tasa. Gwaggonni suka zaro nasu alluran za su taya ta, ta ce babu macen da za ta taɓa mata fuskar miji tana raye. Shinkafa ta huce, yara suka yi ta mita, ita kuwa tana zaune tana ja, uku nan, uku nan, na ƙarshe a karkace, sai murfin tukunya. Duk wanda ya karɓi tasa sai ya ce na gode, kamar ita ta buga. Rana ta yi sanyi kafin a zuba abinci.

Idon bai kai wata Kirsimetin ba, ya rufe gaba ɗaya. Tata kalandar mun kafa mata ita ƙasa-ƙasa a bangon gefen gadonta a Kafanchan, shekarar ta ƙare, wata ta shigo, babu wanda ya isa ya cire ta. Allura ta bar kaushi a takardar, yatsa na jin sa. Kowace safiya kafin addu'a sai ta lalubi bango, ta sami gefen kalandar, ta bi a hankali har ta kai kumatun.

Wata safiya na shigo mata da koko na tarar da ita a haka. Na ce, "Kaka, kina ganinsa kuwa?"

"Ga shi nan," ta ce. Yatsanta ya hau sama ya tsaya a kan girar. "Kuma miyan nan da gishiri. Har gobe ina gaya masa."